Yadda Za Ka Tattara Salsalar Gidanku, Ka Kuma Dawo da Itatuwan Kakanni Gida

Tambayar da ake yawan yi mini ita ce: mutum ya san sunan mahaifinsa da na kakansa, in ya yi ƙoƙari ya kawo na uban kakansa, daga nan sai ya tsaya cik. Ta ina zai fara? Wasu kuma suna ƙarawa da cewa an faɗa musu akwai kufan gidansu a ƙauye kaza, har da tsamiyar da kakansu ya dasa, suna so su samu irinta a gidansu na birni. Na haɗa amsoshin wuri ɗaya, don tafiya ɗaya ce take biyan buƙatun biyu. Jerin aikin shi ne abin kiyayewa: a fara da bakin tsofaffi, a bi da takardun gida, sannan a je na gwamnati. Wanda ya juya jerin nan zai kashe kuɗin mota zuwa Kaduna ya dawo da hotunan takardun da bai san abin da zai yi da su ba, a lokacin kuma gwaggon da ta san komai ta riga mu gidan gaskiya.

1. Kayan aiki da abin da za a kashe

Littafi mai kauri mai bangon kwali, wanda ba za a yi wani aiki da shi ba sai wannan. Fensir da biro. Waya mai ɗaukar murya, da fawa banki, don yawancin inda za ka je ba wuta. Ambulan manya na takarda, ledojin renon itatuwa, ƙaramar wuƙa mai kaifi, da farar takardar kwali babba ta zane a ƙarshe.

Kuɗin mota ne ya fi cin aljihu, sai abin gaisuwa: goro, sabulu, turare, sukari, ko atamfa ga tsohuwar da za ka zaunar yini guda. Kada ka rage wannan kason, gara ka rage yawan tafiye-tafiyen. Kuɗin fotokwafi da na leda ba su taka kara sun karya ba.

Gargaɗi: kada ka sayi manhajar zana salsala tun yanzu. Akwai na kyauta irin su Gramps da FamilySearch, kuma ko su sai aiki ya yi nisa ake buƙatarsu.

2. Rubuta abin da ka riga ka sani

Ware wa kowane mutum shafi guda. Sunan yanka, laƙabi, uba, uwa, garin haihuwa, sana'a, matan da ya aura ko mazan da ta aura a jere, 'ya'yan kowane ɗaki, inda aka binne shi. Ka fara da kanka ka hau sama. Inda ba ka sani ba ka bar gurbi, kada ka cike da zato. A ƙasan kowane bayani ka sa wanda ya faɗa maka da ranar da ya faɗa. Wannan ɗan layin shi zai cece ka ranar da baffa da gwaggo suka ba ka labari biyu masu karo da juna.

3. Jera tsofaffi, ka fara da wanda ya fi rauni

Rubuta sunan duk wanda ya haura saba'in a dangin uba da na uwa. Jera su bisa tsufa da rashin lafiya, ba bisa kusancin gida ba. Wanda yake kwance a ƙauye ya riga wanda yake zuwa masallaci da ƙafarsa a unguwarku.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne zuwa wurin maza kaɗai. Maza sun iya jera sunayen iyaye maza, da sarauta, da labarin yadda aka baro gari. Amma wace ce ta haifi wa, wa aka saka, wa ya rasu a goyo, wa aka ba wa riƙo, wa ya sha nonon wa, wannan ilimin yana hannun mata. Gwaggo da inna da kishiyar kaka su ne ma'adanar gida. Tsohuwar da aka auro tana yarinya ta zauna da surukarta shekara talatin ta ji labarin mutanen da ko mijinta bai ji ba.

Bayan dangi, ka sa limamin unguwa, mai unguwa ko dagaci, wanzamin gidan in gadon wanzancin bai yanke ba, da tsohon maroƙi ko makaɗin da ya san kirarin gidan. Kirari yakan riƙe sunan kaka da garin asali bayan kowa ya manta.

Gargaɗi: kafin ka taka ko'ina, ka sanar da babban gida abin da kake yi da dalilinsa. Mutum ya tashi yana tambayar wa ya haifi wa, gonar wa ce waccan, abin da zai fara zuwa zuciyar mutane shi ne gado ko sarauta. Ka faɗa a fili cewa don zumunci kake yi, kuma kowa zai samu kwafi. Akwai hadisi a Tirmizi da ya yi umarni da sanin nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi, kuma tsofaffi sun san shi.

4. Zaman hira

A nan aikin yake, don haka zan daɗe a kansa.

Kada ka je a ranar biki ko suna da niyyar hira. Hayaniya ta yi yawa, kuma ba wanda zai faɗi gaskiyar wani aure a gaban jama'a. Ranar biki ta karɓar lambar waya ce da sa rana. Hantsi ya fi, ko bayan la'asar. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa, in tsoho ya fara maimaita kansa ka rufe littafi ka koma wani jiƙon.

Nemi izini kafin ka kunna waya. In an yarda, ka fara da faɗin kwanan wata da gari da sunan mai magana, ka ajiye wayar kusa da shi, ka kashe rediyo da fanka. Ka riƙa rubuta sunaye a littafi duk da ana ɗauka, don murya takan shige a daidai sunan da kake nema.

Tambayar da ba ta haifar da komai ita ce, "Baffa, ba ni tarihin gidanmu." Zai ba ka abin da aka saba faɗa, cewa daga gabas aka zo, ya yi shiru. Tambayi ƙananan abubuwa. "Baffa, da kuna yara ɗakin wa ne a hannun dama in an shigo daga zaure?" "Gwaggo, ranar da aka kai ki ɗaki, wa ya raka ki?" "Inna, wa ake kai wa cinyar layya a wancan lokacin?" Wanda ake kai wa nama da wanda ake aika wa goron biki dangi ne, ko da an manta ta inda aka haɗu. In kakarka ce, yi amfani da wasan jika. Ta ce maka, "Kai mijin nan nawa, yau kuma bincikena ka zo yi?" ka ce, "Ai dole in san dangin matata." Abin da za ta faɗa cikin raha ba za ta faɗa wa ɗanta ba.

Tambayi tsagar fuska, wa yake da ita, wane iri, yaushe aka daina. Tsagar Gobirawa daban, ta Kabawa daban, ta Barebari daban. Tambayi da waɗanne mutane gidanku ke wasan taubasantaka, kamar yadda Fulani ke yi da Barebari, Gobirawa da Yarbawa. Tambayi sana'ar gado: ƙira, rini, jima, saƙa, fawa, malanta, fatauci. Gidan da ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, da wuya a rasa reshensa a Salaga ko zangon Kumasi. Wanda aka ce ya tafi Hajji a ƙasa bai dawo ba, a nemi zuriyarsa a Chadi ko Sudan. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nil a Sudan mutanen da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi.

Kada ka gyara wa tsoho magana, ko ka san ya yi kuskure. Rubuta yadda ya faɗa, ka auna daga baya. Kuma ka ji kowa shi kaɗai kafin ka haɗa su, don in babban wa yana zaune, ƙanwarsa ba za ta musa masa ba ko ta fi shi sani.

Gargaɗi: za ka ci karo da abin da aka binne da gangan. Kakar da aka kawo a matsayin baiwa ko ƙwarƙwara, agolan da ya tashi da sunan mijin uwarsa, auren da aka raba don shayarwa, ɗan da ya bar gida da fushi. In aka ce maka "kashe wayar nan", ka kashe. Abin da aka faɗa maka a amana ya zauna a wani littafi daban wanda ba ya yawo. Sai dai maganar shayarwa kada ka bar ta a ka, rubuta ta, don tana shafar auren 'ya'yanku.

5. Warware sunaye

Mutum ɗaya yana iya zuwa maka da suna huɗu, har ka yi kuskuren rubuta shi a matsayin mutum huɗu. Sunan yanka Muhammadu, a gida Tanko, a kasuwa Mai Goro, bayan Hajji kowa Alhaji Babba yake cewa. Matarsa ba ta taɓa faɗin sunansa ba, uwarsa ma in ɗan fari ne ba ta faɗa. Duk sunan da ka ji, ka tambaya, "Shi ne wane, ko wani ne daban?"

Laƙabi yana ɗauke da bayani. Tanko ya biyo mata, ka nemi yayyensa. Kande da Delu sun biyo maza. Gambo ya biyo tagwaye, to ina Hassan da Husaini? Auta shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Azumi da Sallau sun ba ka watan haihuwa, Jummai da Ɗanladi da Balarabe sun ba ka rana. Wanda ake kira Abba ko Baba ko Ummi ko Iya tun yana jariri, galibi sunan wani babba aka mayar masa, kuma sau da yawa bayan rasuwar mai sunan. Tambayi sunan wa ya ci, sai ka samu hawa ɗaya a sama kyauta.

Gargaɗi: sunan ƙarshe na takardar makaranta ba hujjar zuriya ba ne. A makarantun En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, an riƙa rubuta yara da sunan garinsu, shi ya sa aka samu Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mutum biyu masu sunan gari ɗaya ba lalle su haɗa jini ba, kuma wa da ƙane suna iya ɗaukar sunan ƙarshe daban-daban.

6. Sanya shekaru

Tsofaffi ba sa ba da shekara da lamba, da abin da ya faru suke ba da ita. Ka riƙe ɗan jadawali a bayan littafinka. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Yaƙin Satiru 1906. Jirgin ƙasa ya iso Kano 1911. Yunwar da ake kira Kakalaba 1913 zuwa 1914. Annobar mura 1918. Yunwar Mai Buhu 1927. Yaƙin Hitila 1939 zuwa 1945. Yunwar Muda 1953 zuwa 1954. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956. Canjin hannun tuƙi 1972, canjin kuɗi zuwa naira 1973. Sunayen yunwa suna bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka tambayi wane sarki ne a kan gado a lokacin.

Zamanin sarakuna ya fi komai sauƙi. A Kano, Abbas 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Sanusi zuwa 1963. A Katsina, Dikko 1906 zuwa 1944, Usman Nagogo zuwa 1981. A Sakkwato, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku 1938 zuwa 1988. Ka haɗa irin wannan jerin na masarautarku, har da na hakimai da dagatai in ka samu. In gwaggo ta ce, "An yi Muda ina goyon wane," ka samu shekarar haihuwarsa da kuskuren da bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba. Rubuta "wajen 1953", kada ka ƙirƙiro rana da wata.

In ka samu shekarar Hijira a rubuce, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1350 za ta ba ka 1931. Lissafin yana iya kaucewa da shekara ɗaya.

Gargaɗi: in jerin sunayenku ya kai zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wato jihadin 1804, da mutum huɗu kacal, to akwai waɗanda suka zube a hanya. Baki yakan tsallake kakannin da ba su yi suna ba, ya liƙa jika da kakan da ya shahara. Auna kowane hawa da shekara talatin zuwa arba'in, ka tuna dattijo mai mata huɗu yana iya haihuwa yana da saba'in. Labarin cewa daga Makka ko Yaman ko Bagadaza aka taso kuma, rubuta shi a matsayin abin da gidan ke faɗa, ka raba shi da abin da ka tabbatar.

7. Takardun cikin gida

Roƙi a buɗe maka tsohuwar adaka da gafakar malam. Malamai da yawa suna rubuta haihuwa da rasuwa a bangon Alƙur'ani ko gefen kundi, da Larabci ko ajami. Marubucin littafi da hannu yakan sa sunansa da na mahaifinsa a shafin ƙarshe. Nemi takardar rabon gado ta kotun alƙali, ita ce sarauniyar takardu a wannan aikin, don tana jera magada da matsayin kowa. Sai takardar cinikin gida ko gona, rasit na haraji da jangali, fasfon Hajji, takardar sallama daga soja, da tsofaffin hotuna.

Ɗauki hoto a inuwa mai haske, takarda a shimfiɗe, gaba da baya, ba filasha. Hoton mutane kuma ka zauna da tsohuwa ta nuna maka kowa, ka rubuta a takarda daban daga hagu zuwa dama. In ba ka iya ajami ba, kai wa malamin zaure hoton, ka ɗauki muryarsa yana karantawa.

Gargaɗi: kada ka ɗauke asalin takarda daga gidan da ka same ta, ko an ce ka tafi da ita. Kada a yi mata laminatin, kada a liƙe yagewa da salatif, duka biyun suna cinye takarda kuma ba sa warwaruwa. Sa ta a ambulan, nesa da danshi da gara.

8. Ma'adanan gwamnati

Sai yanzu lokacinsu ya yi, don yanzu kana da sunan ƙauye, sunan dagaci, da kimanin shekara.

Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ita ke riƙe da fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa. Abin da zai amfane ka shi ne rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi da littattafan bayanan gunduma, inda Di'o, wato jami'in mulkin Turawa na yanki, yake rubuta tarihin kafuwar ƙauyuka, jerin dagatai, ƙabilu da sana'o'i. Nemi fayil da sunan lardin wancan lokacin, ba jihar yau ba. Haɗeja da Gumel da Kazaure suna ƙarƙashin Lardin Kano. Zamfara da Kabi suna Lardin Sakkwato. Katsina ta zauna a Lardin Kano, ta koma na Zariya a 1926, ta zama lardin kanta a 1934, don haka a wuri uku ake neman ta. Turawa sun rubuta sunayen garuruwa yadda kunnensu ya ji, sai ka gwada rubutu iri-iri.

A Kadunan dai akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, a Sakkwato akwai ta Waziri Junaidu. Wanda asalinsa ke Damagaram ko Maraɗi ko Ƙonni, ma'adanar ƙasa ta Yamai ce wurinsa, takardun da Faransanci suke, sai ya tafi da mai karanta masa. Kada ka raina ɗakin karatu na sashen tarihi a jami'o'i: ɗalibai sun rubuta kundin digiri a kan garuruwansu, kuma sun yi hira da tsofaffin da yanzu ba su da rai.

Tafi da katin shaida da takardar bayanin abin da kake nema, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto da kuɗinta kafin ka ciro waya, ka rubuta lambar kowane fayil.

Gargaɗi: in gidanku ba na sarauta ko alƙalanci ko aikin En'e ba ne, da wuya ka ga sunan kakanka. Abin da za ka samu shi ne labarin garinsa, wanda zai gaskata ko ya gyara abin da baki ya faɗa.

9. Zuwa kufai

Tafi da rani, lokacin da gona take fili kuma 'ya'yan itace suka nuna. Fara da gidan dagaci, ya haɗa ka da mai gonar da kufan yake ciki. Ka tafi da dattijo daga cikin dangi. Tambayi lafiyar hanya kafin ka tashi, akwai yankunan da a yanzu haƙuri ya fi.

Itatuwa ne shaidar farko. Kukoki a cunkushe wuri ɗaya a tsakiyar gona alama ce ta tsohon mazauni, don inda aka sha 'ya'yan kuka aka zubar da ƙwallo nan take tsira. Tsamiya da ceɗiya da durumi sukan nuna ƙofar gida ko dandali ko kasuwa. Darbejiya kuwa baƙuwa ce, a 1928 aka fara dasa ta a Borno, don haka kada wani ya nuna maka ita ya ce kakan da ya yi jihadi ne ya dasa. Duba ƙasa: tsingaro, ramukan karofi, kashin tama inda aka yi ƙira, bakin tsohuwar rijiya, tudun ganuwa. Ɗauki hoto, ka adana wurin a taswirar wayarka, ka sa dattijon ya tsaya a gindin bishiyar ya faɗi abin da ya sani kana ɗauka.

Gargaɗi: kada ka auna gonar mutum da taku ko igiya, nan take za a ce ƙwace ka zo yi. Kada ka haƙa, kada ka ɗebi komai a maƙabarta. Kogon tsohuwar kuka kuma gidan zuma ne da maciji.

10. Ɗebo iri, reno da dashe

Nemi izinin mai gona, sannan ka zaɓi abin da filinka zai ɗauka. Kowane iri da ambulan ɗinsa, a rubuce da sunan wuri da na wanda aka ce ya dasa.

Kuka da tsamiya da ɗorawa ta ƙwallo ake yi, kuma ɓawonsu yana da tauri. Wanke garin da ke jikin ƙwallon kuka, ka zuba masa ruwan zafi da aka sauke daga wuta, ka bar shi ya kwana a ciki. Tsamiya jiƙon kwana ɗaya a ruwan sanyi ya ishe ta, ko ka ɗan kankare gefen ɓawon da wuƙa ba tare da ka taɓa cikin ba. Kalwar ɗorawa sabuwa ake so daga kwafsa, wadda aka dafa don daddawa ta mutu. Giginya da goruba ba sa son leda: binne ƙwallon a inda kake so bishiyar ta zauna, don tana tura muruci can ƙasa kafin ganye ya leƙo, kuma tana ɗaukar watanni.

Lalle da zogale da ceɗiya da durumi ta reshe suke kamawa, kuma reshe ya fi ƙwallo a wannan aikin, don bishiyar kakan ce da kanta ka dawo da ita. Sai dai reshe ba ya jiran watanni. Ka koma ka yanko shi a farkon damina, ka naɗe gindin da jiƙaƙƙen buhu, ka dasa cikin kwana biyu. Dabino kuwa ɗan da ya fito a gindin macen ake cirewa. Ƙwallonsa yana iya ba ka namiji, ka yi shekaru kana ban ruwa ba 'ya'ya. Mangwaron aure ma ba ya bin uwarsa ta ƙwallo, sai an ɗauko tsiron reshensa an aura a kan wani.

Fara reno a watan Maris ko Afrilu. Haɗa ƙasa kashi biyu, yashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki ɗaya, ka huda gindin leda, ka ajiye a inuwa, ban ruwa safe ko yamma. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kiran gara. Dashe sai ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Rami kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi, ka yage ledar a hankali kada ƙasar ta watse, ka kewaye da ƙaya ko waya. Akuya ta fi fari kashe dashe. Ranin farko ka ci gaba da ban ruwa. Tsamiyar ƙwallo takan kai shekara bakwai ko fiye kafin ta yi 'ya'ya.

Gargaɗi: ceɗiya da durumi da kuka ba na filin gida mai ɗaki huɗu ba ne. Saiwar ceɗiya tana fasa katanga da sokawe da bututun ruwa. Kai su gona, ko ƙofar masallaci, ko makarantar unguwa da izini. In kuma kukar kake so a gida ko ta halin ƙaƙa, shuka ta a kwami kamar alayyafo, ka riƙa datse kanta a daidai ƙugu, za ta ba ka ganyen miya ba tare da ta zama bishiya ba.

Ka tambayi tsofaffin mata irin da suka gada: kuɓewa, yakuwa, rama, gauta, wake irin kanannado, ko wata tsohuwar kaura da aka daina nomawa. Waɗannan sun fi itatuwa saurin ɓacewa. Shanya su sosai a inuwa, wake a cuɗe shi da toka, a rufe a kwalba. Iri ba ya zama a kwalba har abada, sai ana shuka shi duk shekara ɗaya ko biyu ana sabuntawa. Gero yana saurin gauraya da na maƙwabta, don haka a ba shi tazara.

11. Zanawa da rabawa

Sa kakan da ya fi nisa wanda ka tabbatar a saman kwali. Ƙarƙashinsa matansa a jere bisa shigowa, ƙarƙashin kowace mace 'ya'yanta bisa haihuwa. Zanen da bai raba ɗakuna ba bai yi amfani ba a gidan Bahaushe. Sa mata da waɗanda suka rasu suna yara. Auren zumunci zai sa mutum ya fito a wuri biyu, sai ka ba kowa lamba, ka rubuta shi sau ɗaya, a wuri na biyu ka sa lambarsa kawai. Layin da ka tabbatar ka ja shi da biro, wanda baki ɗaya ne ya faɗa ka bar shi da fensir. Riƙo da shayarwa su samu launi daban.

Kafin ka buga, koma wurin tsofaffin ka karanta musu da baki, ɗaki-ɗaki. A wannan karatun ake tuno waɗanda aka manta, kuma wanda aka tsallake ɗakin uwarsa ba zai yafe maka da wuri ba.

Yi kwafi uku na komai: ɗaya a takarda a hannun babban gida, ɗaya a memori ko kwamfuta, ɗaya a intanet kamar Google Drive, ka kuma ba mutum biyu hanyar shiga. Sauya wa kowace murya suna da sunan mai magana da kwanan wata tun a daren da ka ɗauka. In za ka tura hoton takarda ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi rubutun ya dushe. Kwafin da zai shiga zauren dangi kuma ka cire masa ranar haihuwa da lambar waya da sunan uwar duk wanda yake raye, don da irin waɗannan bayanan 'yan damfara ke shiga asusun banki. Cikakken ya zauna a takarda, kuma a sa wani matashi a kowane reshe ya riƙa ƙara haihuwa da aure da rasuwa duk bayan Babbar Sallah.